Ƙafar Mummu a Kan Birki

"...kowa lafiya, Mummu. Ya sanyi?"

"Sanyi da sauƙi, sai da ka wangale ƙofar nan ka tsaya kana min gaisuwar sarakuna. Shigo ka rufe, itacena nake ƙonawa, ba na ubanka ba."

"Haka ake tarbar maigida in ya dawo?"

"Maigidan da yake zuwa hannu rabbana?"

"Wane hannu rabbana? Ba ki ga kwali ba?"

"Na gani. Na ɗauka katifar kyanwa ce ta yi kwantai a shagonku, ka ce bari a kai wa tsohuwa."

Mummu ke nan, kakata ta wajen uwa, haka ake kiran kaka a yaren iyayenta. Sunanta Hilja, amma in ban da fasto ba mai kiranta haka. Ta haura tamanin, tana zaune ita kaɗai a gidan gonarta a bayan ƙauyen Toivola, can arewa kusa da Kanada, kuma tun da kakana ya rasu ta naɗa ni maigida, sarautar da ban taɓa cin komai a cikinta ba sai zagi da kofi. Ni ne Tauno. Sana'ata sayar da katifa a garin Hancock, kuma ba na jin kunyar faɗa, sai dai a gabanta.

Abin da ya kawo ni ranar Asabar ɗin nan motarta ce, tsohuwar akori-kura mai ja da taya huɗu, da garmar ture dusar ƙanƙara a gaba. Da ita take buɗe hanyarta duk hunturu, kuma aikin garma rabinsa ribas ne, ka tura gaba, ka dawo baya, ka sake turawa. Fitilun ribas ɗin motar kuwa sun dushe, kyandir ya fi su. Ranar Lahadin da ta wuce, da duhun yamma, Mummu ta ja baya da ƙarfinta ta lotsa ƙofar wata mota. Da ta wani ce da an sasanta. Ta mahaifiyata ce, Marlene, 'yarta ta fari.

Mama ba ta yi faɗa ba, hukunci kawai ta yanke. Za ta zo yau in duhu ya fara sauka, ta tsaya ta ga Mummu ta fito da motar da baya tun daga tsohuwar barga har bakin titi, tsakanin dogayen sandunan da muke kafawa a gefen hanya kafin ƙanƙara ta rufe ta. In ta taɓa sanda ko ɗaya, makulli ya koma jakar Mama. Wanda ba shi da garma kuwa ba ya iya hunturu a gidan nan, don haka makullin da gidan tafiyarsu ɗaya. Akwai ɗaki yana jira a gidan Mama a cikin gari, har an sa masa labule. Katifar ma ni na sayar, amma wannan ban faɗa wa Mummu ba.

Na buɗe kwalin a kan teburin kicin, tsakanin butar kofi da burodin nisu da ta gasa da safe.

"Ga sababbin idanu na kawo miki. Fitilu biyu, in suka kama har Kanada sai kin hango."

"Me zan yi da Kanada? Ƙofar motar uwarka nake son gani."

"Ai kin gan ta. Kusa-kusa ma."

"Ita ta zo ta ajiye mota inda nake wucewa. Shekara nawa ina bin wurin, ba abin da ya taɓa tsaya min a hanya."

"Akwatin wasiƙun maƙwabcinki Waino fa?"

"Ya tsufa, da ma neman dalilin faɗuwa yake."

"Shi kansa Wainon da kika sa ya yi tsalle ya faɗa lambatu?"

"Likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki. Na taimaka masa, ko godiya."

"Mummu, ke fa ba ribas kike yi ba, gudun ceton rai kike yi da baya."

"Ji mai magana! Kai da ko keke sai da aka riƙe maka har ka fara gemu. Tsaya ma tukuna, wa zai ɗaura fitilun? Ina mai riwayan?"

"Ga shi a gabanki yana cin nisu."

Ta ajiye kofinta a hankali, ta dube ni sama da ƙasa.

"A ina ka yi karatun?"

"A waya. Na kalli bidiyon wani mutum, har ƙarshe."

"Har ƙarshe! To gara in fara haɗa kayana. Ka ce wa uwarka ni shuɗin labule nake so."

"Ai za ki ji daɗin gari. Ba fasa itace, ba sharar toka."

"Ka taɓa shan kofin gidan uwarka? Wanda aka zare wa rai ake sha, wai don zuciya. In sha wannan kullum, zuciyar me za ta tsaya yi?"

Na yi dariya, ita ma ta yi, amma tata ba ta daɗe ba. Ta juya tana kallon taga, inda ake hango barga da ɗakin sauna na wankan tururi da tarin itacen da ta fasa da hannunta. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Mummu ba, ranar na ga gefensa, kuma abin ya taɓa min zuciya. Na cusa sauran burodin a baki na ɗauki kwali.

Farkon aikin ya tafi daidai, har ni kaina na yi mamaki. Na ɗaure fitilun a ƙarƙashin bambar baya, ɗaya dama ɗaya hagu. Na ja jar waya tun daga batir, da fiyus ɗinta, na bi da ita ta ƙarƙashin mota ina ɗaurewa, tsatsa da gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara suna zubo min a ido. Na haɗa ɗan akwatin nan da ake kira rile, wanda shi zai riƙa sakar wa fitilun wuta daga batir. Mummu tana zaune a kan bokitin da ta kife, riƙe da tocila, tana haska duk inda ba na aiki.

"Nan, Mummu. Hannuna za ki haska."

"Fuskarka nake haskawa, in ga ko ka san abin da kake yi."

"Me kika gani?"

"Abin da na saba gani."

"Miƙo min filaya."

"Wace ce filaya a cikinsu, injiniya? Nuna min da yatsa, in tabbatar kai ma ka san ta."

"Waccan mai jan hannu."

"Ashe mutumin bidiyo ya yi ƙoƙari. Fitilar hagun nan fa? Ita taurari za ta riƙa duba min?"

"Ban gama ɗaure ta ba."

"Haka kake ce wa masu sayen katifa in ƙafar gado ta karye?"

Saura abu ɗaya. Shi rile sai an sanar da shi cewa mota ta shiga ribas, don haka dole in nemo wayar tsohuwar fitilar ribas in jona masa. Wayoyin baya duk curi guda suke a ƙarƙashin mota, sai an kwanta a bayan taya ake kai musu, kuma laka da tsohon salatif sun mayar da su launi ɗaya. Mutumin bidiyo ya ce a irin wannan a murɗa makulli ba tare da an tada inji ba, a sa giya a ribas, a ja birkin hannu, sannan a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji. Wadda ta kunna ta, ita ce.

"Hau ki ja birkin hannu," na ce.

"Birkin me? Wa ka taɓa gani yana jan birkin hannu a ƙasar nan? Ka ja shi a Disamba ya daskare ya riƙe ka har Afrilu. Nawa ma tun kana goye ya yi tsatsa ya mutu."

"To ai daɓen bargar nan gangare ne zuwa ƙofa."

"Don fitsarin dabbobi ya riƙa fita. Ba don kai aka gina ta ba."

"Kuma ni a bayan taya zan kwanta."

"Ai kwanciya sana'arka ce. Yau ɗaya ta yi wa wani amfani."

"Wato in kwanta a bayan mota, giya tana ribas, ke kina sitiyari?"

"Me ya same ni?"

"A tambayi Waino."

"Waino a tsaye yake. Ban taɓa taka na kwance ba."

"Shi ne za ki fara da jikanki?"

"Jikoki gare ni da yawa, kuma akwai masu aikin kirki a ciki. Ba za a ji giɓin sosai ba."

"In na mutu wa zai riƙa cinye miki nisu?"

"Ka ga wata ribar kuma."

Ga itace tari guda a bakin barga, da na ɗauko guntaye na tokare tayoyin da magana ta ƙare. Abin bai zo min ba. Mai sayar da katifa in tsoro ya kama shi ba ya tunani, umarni yake bayarwa.

"Ki taka birki. Da ƙafa biyu. Kada ki ɗaga ko da barga ta kama da wuta."

"In atishawa ta zo fa?"

"Ki haɗiye ta."

Ta hau, ta murɗa makulli, na ji giya ta faɗa. Na yi addu'ar da na tuna rabinta, na shige. Taya tana dab da kunnena, ina ganin kowane tsakuwa da ya maƙale a jikinta. Na soka tsinin fitilar gwaji a waya ta farko, shiru.

"Kana raye?" ta ƙwala daga gaba.

"Kina kan birki?"

"Ƙafata ta fara barci."

"Tashe ta!"

"Ina kuma jin wani abu yana yi min yawo a hanci..."

"Mummu!"

Waya ta biyu ta kunna fitilar gwaji ɗau. Ban tsaya jin ta bakin sauran ba. Na ɓare mata fata, na murɗa wayar rile a jikinta, na ji akwatin ya yi ƙas, sai barga ta cika da farin haske. Na naɗe da salatif, na turo kaina waje da saurin da ban san ina da shi ba. Har kwale-kwalen kakana ya bayyana a rataye can kusurwa, wanda aka yi shekaru ana zagin wanda ya ara bai dawo da shi ba.

"Kai! Wa ya kunna rana?" in ji Mummu.

"Maigida ne. Ki faɗa da bakinki."

"Ba laifi."

"Ba laifi kawai? Ki ce injiniya."

"In ce injiniya ga wanda nake jin kaɗawar haƙoransa ta cikin kujera?"

"Sanyi ne."

"Sanyi ne ya sa kake kiran uwarka?"

Ta mayar da giya, ta kashe makulli, ta sauko, fitilu suka mutu. A idona komai ya tafi yadda mutumin bidiyo ya ce. Muka koma kicin, na yi ta cika baki har kofina ya huce. Na ce mata zan bar katifa in buɗe gareji, ta ce in fara sanar da 'yan kwana-kwana don su matso kusa. Na ce da kaina zan rubuta allon garejin, ta ce to ko allon ma a nemi wani.

Duhu yana fara sauka Mama ta iso. Ta ajiye motarta can a titi, bayan wata bishiya, ta tako da ƙafa. Ta rungume Mummu, ta dube ni da tsatsa har a gira.

"Kai ka haɗa?"

"Ni ne."

"Allah ya kyauta. Mummu, ni a bakin titi zan tsaya. Ba na son uzuri, ba sanda ce ta karkace, ba ƙanƙara ce ta ja ni. Tauno, shiga ka zauna kusa da ita."

"Me na yi miki, Mama?"

Ko kallona ba ta yi ba, ta kunna tocila ta bi hanya. Hanyar tana da tsawo, tana lanƙwasa a wajen ɗakin sauna, daga nan ta hau tudu zuwa titi. Muka shiga mota. Mummu ta taka birki ta tada inji, nan take bayanmu ya yi fari tas.

"Kin gani? Ko giya ba ki sa ba sun kama. Zumuɗin aiki suke."

Ina faɗa na ji maganar ta yi min wani iri a baki. Mummu ta sa ribas, ta ɗage ƙafa, mota ta fara silalewa, sai haske ya ɗauke ɗif. Ta taka birki, ya dawo. Ta ɗaga, duhu. Ta sake takawa, ta juyo ta dube ni.

"Tauno."

"Na'am."

"Wace waya ka jona?"

"Wadda ta kawo wuta."

"Lokacin ƙafata tana ina?"

Sai na gane. Wayoyi biyu ne suke da wuta lokacin da nake kwance, ta ribas da ta jar fitilar birki, tun da ni da bakina na ce kada ta ɗaga ƙafa. Ta birkin na fara tararwa, tsoro kuma bai bar ni na duba ta gaba ba. Na yi wa kakata fitilar da take kamawa in mota ta tsaya, ta mutu in mota ta motsa.

"Laifinki ne, ke kika kawo maganar atishawa."

"Ni na ce ka haɗa min fitilar kallon abin da na riga na buge?"

"Bari in sauka in yi wa Mama bayani. Gyaran ba zai daɗe ba."

"Zauna! Ba ka ji ta ba? Ba uzuri. In ta ji abin da muka haɗu muka yi, ni ɗakin labule, kai kuma ta sa a duba maka kai."

Can bakin titi tocilar Mama ta yi sama ta yi ƙasa, alamar me ake jira. Mummu ta kalli madubi. Sai ta ɗora ƙafar hagu a kan birki ta taɓa shi kaɗan, taɓawar da ba ta kai ta tsayar da mota ba. Fitilu suka kama, mota kuma tana tafiya.

"Ka gani? Ba sai an danne shi ba, shafa kawai yake so."

Muka fito daga barga muna rarrafe. Sandunan suka fito fes a madubi, kowace da ɗan ƙyallinta a kai. Mummu ta cije leɓe, ƙafar hagu tana lallashin birki, ta dama tana lallashin totur. Tun da nake ban taɓa ganin ta ja baya a hankali ba, har abin ya so ya ba ni tausayi.

"Waino da sandarsa zai wuce mu," na ce.

"Rufe min baki. Tafiyar nan cin raina take, masu kai gawa sun fi mu sauri."

Daidai lanƙwasar sauna haske ya fara ƙiftawa.

"Me ya faru?"

"Gwiwa ce, rawa take. Ƙafar nan ba ta yi aiki a mota ba tun da aka daina kuloci."

"Ki yi da ta dama."

"Ta dama tana totur. Tudu ne a bayanmu, in na saki muka tsaya, taya ta kafe, shi ke nan."

"To yaya za a yi?"

"Kai ka jawo. Kwanta."

"Kuma?"

"Kwanta ka riƙe min birkin da hannu. Yau dai sana'arka ta yi rana."

Na zame daga kujera, na miƙe a ƙasan mota cikin ruwan ƙanƙarar da takalmanmu suka shigo da ita, kaina a gindin ƙafarta. Na kai hannun hagu na danna.

"Ƙara kaɗan. Ya yi yawa, za ka tsayar da mu! Sassauta. Yauwa, riƙe nan, ko numfashi kada ka yi."

"Ina muke?"

"Mun wuce sauna."

"Sandunan fa?"

"Suna nan a tsaye, suna gaishe ka."

"Mummu, yaushe rabon takalmin nan da wanki?"

"Tun ranar da ka ce za ka wanke shi."

"Hannuna ya gaji."

"In ka saki, na rantse a ɗakin labulen nan tare za mu kwana, kuma ina minshari."

Ban ga komai na tafiyar ba. Babbar jarrabawar rayuwar kakata, ni ƙasan sitiyari na kalla, da wata tsohuwar alewa da ta manne a kafet. Abin da nake ji kawai ƙarar ƙanƙara a ƙarƙashin taya, da numfashinta tana ja tana riƙewa. A tsakiyar tudu na ji tana magana ƙasa-ƙasa da yaren iyayenta, wanda ba ta yi sai a addu'a ko a zagi. Ban san wanne ne ba, na dai ce amin.

Sai na ji bayan mota ya hau titi. Mummu ta ɗauke ƙafar dama daga totur ta sauke ta a kan birki da duk ƙarfinta, yadda ta saba. Yatsuna suna wurin.

Ban yi ihu ba, kuma ina so zuriyarmu ta san da wannan. Hular sanyina na cusa a baki na cije, hawaye suna gangarawa cikin kunnena. Ta mayar da giya ta ɗage ƙafa, na janye hannun na cusa a hammata. Gilashi ya sauka, na ji muryar Mama.

"Ko ɗaya ba ki taɓa ba. Mummu, tun da nake ban taɓa ganin kin yi ribas da hankali haka ba. Jar fitilarki tana kunne kusan tun daga barga, ƙafarki na kan birki har nan."

"Girma ne ya zo min," in ji Mummu.

"Da ma abin da nake roƙonki ke nan shekara da shekaru. Ina Tauno?"

Hasken tocila ya sauka a kaina, a kwance, jiƙe, da hula a baki.

"Me kake yi a nan ƙasa?"

Na dubi Mummu ta ƙasa, ta dube ni ta sama. Ba wasa a idonta ko kaɗan, roƙo ne. Na zare hular.

"Tsoro na ji," na ce.

"Tsoro? A tafiyar da na fi ta sauri da ƙafa?"

"Tun daga sauna ya nutse," in ji Mummu. "Yana ta kiran sunanki, ni nake ba shi baki."

"Ƙato da kai, da gemu!" Mama ta yi dariya har tana dafa ƙofa tana share ido, kuma na san ba dariyar ce kaɗai ta kawo hawayen ba. "Sai na faɗa wa 'yan'uwanka. Mummu, riƙe makullinki. Fitilun sun yi kyau, ban ɗauka zai iya ba."

"Ni ma," in ji Mummu.

Mama ba ta tsaya shan kofi ba, ƙanƙara ta fara sauka tana so ta kai gari. Muka bi motarta da kallo har ta sha kwana. Na hau kujera ina hura yatsu. Mummu ta ɗora hannu a kan sitiyari.

"Na ji tsoro, Tauno," ta ce, ba ta dube ni ba. "A gidan nan na haifi uwarka. Ban san yadda ake tashi da safe a wani wuri ba."

Ban saba jin ta haka ba, ita ma ba ta saba ba. Sai na yi abin da na iya.

"Kin san da gangan na yi ko?"

"Me?"

"Wayar birkin. Dabara ce. Na daɗe ina nazarin yadda za a koya miki tafiya a hankali. Mama ta kasa, fasto ya kasa, sai da aka kira gwani."

"Yatsun ma da gangan ka sa?"

"Yana cikin tsarin."

"Da kukan?"

"Ban yi kuka ba."

"Za ka yi gobe in labarin nan ya isa coci. Uwarka ba ta iya riƙe magana, ni ta gado."

"Kin san har in mutu sunana wanda ya ɓuya a ƙarƙashin kujera?"

"Da can ma ba wani suna gare ka ba. Girma aka ƙara maka."

Tana faɗa dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta kifa goshi a kan sitiyari tana tari, ni ma na biye mata, hannu a hammata.

"Kakanka," ta ce tana neman numfashi, "ya taɓa haɗa min hon da abin goge gilashi. Shekara guda, duk ruwan da aka yi sai mun gaida gari. Ashe abin a jini yake."

Ta cire safar hannunta ta hagu, ta fatar barewa mai ulu a ciki. Ta kakana ce, da ita take garma tun da ya rasu, kuma ba ta bari kowa ya taɓa. Ta zaro hannuna da aka taka, ta duba yatsun, ta zura masa da kanta. Cikinta da ɗumi.

"Ungo, maigida. Hannun nan ya tsare min gida yau, na yarda."

"Ɗayar fa?"

"Ɗaya hannun shi ya zaɓi wayar. Gobe da sassafe ya zo ya gyara shirmensa kafin in makantar da fasto a hanyar coci, sai a duba lamarinsa."